Zangon da Na Ɓoye

Ku da kuke ta rubuto mini kuna cewa, "Ning, kin yi shiru, ko an yi bikin ne ba a gayyace mu ba," ku kwantar da hankalinku, ba a yi komai ba. Shirun mako ukun nan na wadda ta rasa bakin magana ne. Yau zan faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, ku bari in kai ƙarshe kafin ku fara zagina a ƙasan rubutun nan, don duk zagin da za ku yi na riga ku yi wa kaina.

Ga sababbin zuwa, sunana Luningning Dacanay, shekarata ashirin da huɗu. A Stockton nake zaune tare da Nanay da Tatay, uwata da ubana, a ɗakuna biyun da ke bayan gidan kula da tsofaffi na Tita Remy. Tita Remy, wato Gwaggo Remy, yayar Tatay ce, ita ta cike takardun da suka kawo mu Amurka daga garinmu Dagupan, kuma ba ta taɓa bari rana ta faɗi ba tare da ta tuna mana ba. Gado shida ne a gidan, tsofaffi shida. Daga shida na safe zuwa biyu na rana ni ce mai wanka, mai juya su, mai canza zanen gado. In na tashi sai in cire rigar aiki mai hoton furanni, in zura wandon jins, in kama bas zuwa kwaleji ina warin man zafi.

Digirin shekara biyu ake ce masa, amma ni shekara uku da rabi ya ci mini. Irin na tsallakawa ne: ka gama darussa ashirin da aka jera maka, jami'ar jiha ta karɓe ka kai tsaye a aji uku, bayan shekara biyu ka fito da babban digiri. Ni ilimin motsa jiki na zaɓa, don in kai ga zama mai yi wa waɗanda jikinsu ya shanye gashin ƙashi. Tita Remy kuwa "rabin digiri" take ce masa. In baƙi suka zo sai ta nuna ni da baki ta ce, "Ga 'yar ƙanena, tana karatun rabi. In ta gama sai ta je neman ɗaya rabin, in ba a sayar ba."

A watan Maris jami'ar da ke kudu, bakin teku, ta ba ni gurbi. Ranar Nanay ta yi kuka har da shessheƙa, ta ɗauki hoton saƙon ta tura wa duk mai waya a danginmu. Kafin la'asar wata gwaggo a Dagupan ta sa fada ya yi mana addu'ar godiya a coci.

To, mako uku da suka wuce, ranar Talata, ina tsugune ina sa wa Lola Pacing, ɗaya daga cikin tsofaffin gidan, safa, wayata ta yi ƙara a aljihu. Na gama, na wanke hannu, na shiga ɗakin wanki na buɗe.

"Binciken da muka yi ya nuna kin taɓa rajista a wata kwaleji da ba ki ambata a takardar neman gurbi ba. Saboda haka mun janye gurbin da muka ba ki. Kina da kwanakin aiki goma sha biyar don roƙon a sake dubawa."

Injin wanki na ta juyawa, ni ma kaina na juyawa tare da shi. Ban yi mamaki ba, kuma wannan ne abin kunyar. Tsoro kawai na ji.

Yanzu bari in faɗa muku abin da ban taɓa rubutawa a nan ba.

Da muka sauka ƙasar nan ina da shekara goma sha takwas, a Vallejo muka fara zama, gidan wani ɗan uwan Nanay. Na yi rajistar darussa huɗu a wata kwaleji da ke kusa. A mako na bakwai Tatay ya faɗi a ɗakin ajiyar kayan da yake aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Wata biyu ina kwana a kujerar asibiti ina yi wa Nanay tafinta. Makaranta kuwa kawai na daina zuwa. A tunanina in malami ya ga kujera babu kowa mako biyu, zai goge suna ya huta. Ba wanda ya ce mini a nan barin aji ma sai an cike takarda. Da zango ya ƙare wasiƙa ta zo: darasi huɗu, faɗuwa huɗu. Na ninke ta huɗu na cusa a ƙasan shuɗin gwangwanin biskit da Nanay ke ajiye zare da allura. Muka koma Stockton, bayan shekara biyu na shiga sabuwar kwaleji, na fara daga farko kamar ban taɓa ganin allo a Amurka ba.

A watan Nuwamban bara na zauna cike takardar neman jami'a a teburin kicin. Da rana ne, tsofaffi na barcinsu, Tita Remy na gefe tana naɗe lumpiya, naman da ake naɗewa a siririyar fatar fulawa a soya. Sai na zo kan tambayar: kin taɓa rajista a wata kwaleji, ko da ba ki gama zango ba?

Hannuna ya tsaya.

"Me kuma?" in ji Tita, ba ta ko ɗago ba.

"Tita, suna tambayar makarantar Vallejo."

"Wace makaranta? Wadda kika yi kwana uku?"

"Mako bakwai."

"Sun ba ki takarda?"

"A'a. Faɗuwa suka ba ni."

Ta dangwala yatsa a ruwan ƙwai ta liƙe bakin lumpiyar. "To ke da hannunki za ki ɗauki faɗuwa huɗu ki kai musu a faranti? Anak, 'yata, shekarata talatin da biyu a ƙasar nan. Bature ba ya son dogon labari. Abin da ya wuce ba ki ci ribarsa ba, ki bar shi inda yake."

"In suka gano fa?"

"Mutum nawa ke neman makarantar? Ke kaɗai za su zauna su tona? Ke 'yar gwamna ce?"

Na yi dariya. Na lissafa a raina yadda faɗuwa huɗu za su ja sakamakona ƙasa, sakamakon da na tara da karatu a bas da kan teburin guga. Na danna "a'a". Ku lura da kyau, don kada gobe wata ta ce na ɗora wa tsohuwa laifi: Tita magana ta yi, yatsana ne ya danna.

Washegarin zuwan saƙon na roƙi Nanay ta riƙe mini aiki awa biyu, na ce zan karɓo rigar yaye. Na wuce ofishin Misis Vang, mai ba ɗalibai shawara, wadda ta tsara mini darussana tun ranar farko. 'Yar ƙaramar mace ce mai gilashi a wuya, kullum da kwanon alewa a teburinta. Na miƙa mata wayar. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire gilashin.

"Luningning, ranar da kika fara zama a kujerar nan na tambaye ki ko kin taɓa wata kwaleji."

"Kin tambaya."

"Me kika ce?"

Na sunkuyar da kai. Sai na ba ta labarin duka, asibitin, wasiƙar, gwangwanin biskit. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta juya kujerarta, ta jawo aljihun tebur, ta zaro wata takarda ta ajiye a gabana. Guda ɗaya ce, gaba da baya.

"Kin san wannan?"

"A'a."

"Kusan kowace kwaleji na da irinta. In ɗalibi ya faɗi da can, ya dawo ya yi ƙoƙari, sai ya cike ta, a daina lissafa masa tsohon sakamakon. Ke da kike da takardun asibiti ma, da wataƙila sun mayar da faɗuwar ta zama janyewa. Kowane zango nakan tura ɗalibai su cike, ba su ƙirguwa. Minti goma ne."

Na kalli takardar. Layi ne na suna, layi na adireshi, da wani ɗan akwati da aka ce a rubuta dalili. Shekara shida ina ɗauke da abin nan a ƙirji, ina jin faɗuwar gaba duk lokacin da Nanay ta ce in miƙo mata allura, ashe maganinsa bai kai tsawon jerin cefane ba.

"To in cike yanzu," na ce.

"Ki cike, zai yi amfani nan gaba. Amma yanzu ba faɗuwar ce ta dame su ba. Sun tambaye ki, kin ce a'a, kin sa hannu."

"Digirina fa?"

"Darussan da kika ci kin ci, za ki yi yaye. Gurbin ne ba na da iko da shi. Za mu rubuta roƙo, zan haɗa da wasiƙata. Ba zan yi miki alkawari ba."

"In suka ƙi?"

"Sai Nuwamba ki sake nema, ki shiga Agustan baɗi."

Ta tura mini kwanon alewa. Na ɗauki ɗaya don kada ta ji ba daɗi, har yanzu tana cikin jakata.

Na san abin da wasunku za su rubuta. "Haba Ning, wata goma sha biyar ne kawai." Ba ku san gidanmu ba. Nanay malamar lissafi ce a Dagupan, shekara goma sha tara tana koyarwa. Da muka zo ta ce baɗi za ta rubuta jarabawar koyarwa ta nan. Littafin jarabawar na nan, shi muke tokare tagar bayi da shi. Ate Lorna, ma'aikaciyar gidan da ke aikin dare, likitar haƙori ce a gida, ita ma baɗi take jira tun kafin in zo. A gidan Tita Remy ba a hana kowa tafiya. Tsoho ɗaya ne zai kamu da mura, ma'aikaciya ɗaya ta tafi haihuwa, a ce ki taimaka zuwa Kirsimeti, sai ki farka ki ga furfura. Ni Agustan bana na riƙe da hannu biyu, don na san in ya wuce ba wani Agusta.

Bayan Misis Vang, mutum ɗaya na faɗa wa, Arnel.

Tsofaffin masu karatu sun san shi. Shi ne ma'aikacin wurin wankin ƙoda da nake kai Lolo Ben, wani tsohon gidanmu, sau uku a mako, dogo, mai ɗan sanƙo tun yana da shekara ashirin da tara, wanda ba ya iya faɗin barka da asuba sai ya share murya. Shekara biyu ke nan duk Lahadi bayan coci yana zuwa gidanmu da jakar burodin pandesal mai zafi. Ya kama hannun Tatay na hagu ya kai goshinsa, gaisuwar manya a wajenmu, ya kama na Nanay, ya kama na Tita, sannan ya zauna ya yi wa Tatay aski. Ni kuwa tun farko na gindaya masa sharaɗi: ba maganar aure sai na sa ƙafa a jami'a. Ya ce to. Tita Remy ce ba ta ce to ba. Kullum sai ta ce, "Yaro mai aiki, mai mota, ba ya sha, ba ya caca. Ki aure shi, in gyara muku ɗakin gaba, ki yi kwas ɗin shugabancin gidan tsofaffi ki karɓe ni. Gwiwoyina sun gama aiki."

Ranar Juma'a na tura masa saƙo daga ɗakin jira na wurin wankin ƙoda.

"In ka sami hutu ka fito wajen motoci."

"Lolo Ben lafiya?"

"Lafiyarsa ƙalau. Ni ce."

Ya fito da shuɗin kayan aiki, da abin rufe hanci a haɓa. Na ba shi wayar. Shi ma sau biyu ya karanta, ban san me ya sa kowa ke karanta saƙon nan sau biyu ba.

"Kuskure suka yi?"

"A'a."

"Kin manta ne?"

Da na ce e, da ya yarda. Na ce, "Ban manta ba."

Ya share murya. Ya daɗe yana kallon wata mota da ke ƙoƙarin fakin. Sannan ya ce, "Na nemi a mayar da ni reshenmu na kudu. Tun Afrilu. Sun amince. Ranar bikin yayenki na so in faɗa miki."

Allah ya sani, da ƙasa ta tsage a wurin da na shige.

"Arnel, ban ce ka yi haka ba."

"Ba ki ce ba. Wannan matsalata ce, zan san yadda zan yi da ita. Nanay ta sani?"

"In roƙon ya karɓu ba sai ta sani ba."

"Ning."

"Mako uku ne. Ka bar ni da mako uku."

Ya mayar da abin rufe hancinsa. "Ubana shekara biyu yana fita da safe da jakar aiki bayan an sallame shi daga jirgin ruwa. Sai da muka je tarbarsa a tasha muka ji. Talaucin mun manta da shi. Jakar ce ba mu manta ba." Ya koma ciki.

Na rubuta roƙon sau tara. Na ce da Nanay inshora ke neman takardun asibitin Tatay, ta ba ni ba tare da tambaya ba. Na haɗa, na tura. Daga nan na zama baiwar waya. Ina yi wa Lola Pacing wanka ina sauraron aljihuna, ina cin abinci waya na gefen faranti. A wannan tsakanin aka yi yaye ranar Alhamis, na sa baƙar riga da hula mai tunku, aka rataya mini sarƙar furanni uku har ba na ganin ƙafata. A duk hotunan ina dariya, kuna iya dubawa, Nanay ta saka guda sittin da ɗaya a shafinta.

Amsa ta zo Juma'a da ƙarfe huɗu da minti arba'in na yamma. Muna teburin kicin ɗin nan dai, ni da Tita, muna naɗe lumpiyar biki. Nanay ta fita karɓo kek.

"Kwamiti ya duba roƙonki da takardun da kika haɗa. Muna tausaya wa halin da iyalinki suka shiga. Sai dai shawarar janye gurbin tana nan, kuma ita ce ta ƙarshe. Kina iya sake nema a zagaye na gaba."

Na kife wayar. Na ɗauki fatar lumpiya, na zuba nama, na naɗe. Ta yage.

"Kin cika nama," in ji Tita.

"Tita, kin tuna tambayar nan ta Nuwamba? Ta makarantar Vallejo?"

Hannunta ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

"Sun gano. Sun ƙwace gurbin. Na yi roƙo, yanzu suka ce a'a."

"Ni na danna miki?"

"Ban ce ke ce ba."

"To." Ta jera lumpiya uku a tire, ta gyara musu zama. "Kada ki kuskura ki faɗa wa uwarki yau. An yanka alade, mutane na tahowa daga Sacramento. Ki bari a ci a watse."  Sai muryarta ta yi laushi, kuma laushin ne ya fi ba ni tsoro. "Wataƙila haka Allah ya so, anak. Ubanki na buƙatarki. Kwas ɗin shugabanci sati biyu ne kawai, akwai na watan Yuli. Ki taimaka mini zuwa Kirsimeti, baɗi sai ki sake nema."

Baɗi. Har kalmar ta iso kaina.

Na tura wa Arnel hoton saƙon. Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin ɗigon nan uku na rawa.

"Sannu, Ning. Zuciyata na tare da ke."

"Na gode."

"Gobe da safe ki faɗa mata, kafin mutane su taru. In kina so in zo in tsaya kusa da ke."

"Zan iya."

"Alkawari?"

"Alkawari."

Kuma na yi niyya, ku yarda da ni. Asabar da safe na shiga ɗakinsu da maganar a bakina. Na tarar da Nanay a durƙushe gaban wani ƙaton kwali, irin wanda muke cikawa mu aika gida da Kirsimeti. Ta juyo tana murmushi kamar an kama ta tana satar nama.

"Kin ɓata mini shiri. Zo ki gani."

Ƙaramar tukunyar shinkafa ta lantarki. Zanen gado biyu. Kwalbar miyar kifi da ta naɗe da tsohuwar rigar Tatay don kada ta fashe. Silifa. Ƙaramin gicciye na bango. A can gefe kuma abin lissafinta, wanda ta zo da shi daga Dagupan, da sunanta a baya da jan fenti: Misis Dacanay, aji huɗu.

"Tun Maris nake tarawa," ta ce. "Wannan ki riƙe, ni na gama da shi. Ɗaya daga cikinmu ta fita ya isa."

Na buɗe baki. Na ce, "Nanay, ai za a hana ni dafa kifi a ɗakin kwana."

"Ki buɗe taga."

Shi ke nan abin da na iya faɗa.

A rumfar shaƙatawa ta unguwarmu aka yi bikin, ƙarfe ɗaya na rana. Nanay ta sa ni cikin doguwar riga ruwan hauren giwa mai tsayayyun kafaɗu, wadda ta ɗinka da hannunta, da ɗan kunnen lu'ulu'un kakata. An ɗaure ƙaton allon leda tsakanin ginshiƙai biyu, da hotona da hular yaye, da tambarin jami'ar da ta kore ni, girmansa ya kai faifai. Gasasshen alade na tsakiyar tebur, ga taliyar pansit tire uku, ga lumpiyarmu. Mutane sun haura saba'in. Kowace tita sai ta kama kumatuna ta ce, "Kada ki je ki kwaso mana Bature," ko, "Ki dawo ki gasa mini ƙugu kyauta." An jingina waya da kwalbar lemo, dangin Dagupan na kallo kai tsaye duk da can gari bai waye ba.

Arnel ya iso da farar riga barong, ya gaida manya, ya zo inda nake zuba ƙanƙara. Ya dube ni, ya dubi allon, ya dubi Nanay da ke rawa da cokali a hannu.

"Ba ki faɗa ba."

"Ban sami dama ba."

"Za su ba ki makirufo an jima. Ba sai kin ba da labari ba. Ki ce an sami matsala, tafiya sai baɗi. Ni zan tsaya a bayanki."

A aljihun wandonsa na ga tudun wani ɗan akwati mai kusurwa huɗu. Na ɗauke kaina kamar ban gani ba.

Da aka ci aka ƙoshi, Tita Remy ta kashe na'urar karaoke a tsakiyar waƙar wani kawu, ta karɓi makirufo. Ta yi jawabin yadda ta kawo mu, da yadda ta buɗe mana gidanta, ta share hawaye da gefen yatsa don kada kwalli ya ɓaci. Ko sau ɗaya ba ta kalle ni ba. Sannan ta ce, "Kafin mai digiri ta yi magana, ubanta na da saƙo."

Na ɗauka wasa take. Shekara shida kalmomin Tatay ba su wuce biyar ba: e, a'a, ruwa, sunan Nanay, da wani zagi da ba zan rubuta ba. Nanay ta turo kekensa tsakiya, ta riƙe masa makirufo. Ya sa barong ɗinsa na aure, ya yi masa yawa a kafaɗa. Idonsa ya nemi Arnel cikin taro. Sai a lokacin na gane abin da suke yi duk Lahadi in sun rufe ƙofa da sunan aski.

Leɓensa ya yi ta rawa. Rumfar ta yi tsit, har yara.

"Ning," ya ce. Ya huta. "Je ki." Ya sake hutawa, gumi na tsattsafo masa. "Kar... ki... tsaya... don ni."

Mata suka fashe da kuka, maza suka hau tafi. Nanay ta sa mini makirufo a hannu, da ɗumin hannunta a jiki. Tatay na kallona da rabin fuskarsa mai iya murmushi. Arnel ya taso ya tsaya a bayana kamar yadda ya ce, har ina jin ƙamshin sabulunsa.

Maganar na nan a shirye. An sami matsala, tafiya sai baɗi. Kalma shida, na ƙirga su tun ɗazu.

Na ce, "Na gode, Tatay. Na gode, kowa da kowa. Ranar ashirin ga Agusta zan tafi."

Aka yi shewa. Wani ya kunna waƙa. Titoci suka yanyame ni, kafaɗun rigata suka lanƙwashe. Da na samu na juya, babu kowa a bayana. Can na hango farar riga tana ratsa ciyawa zuwa wajen motoci, ba ya sauri, ba ya waiwaye. Farantinsa na kan benci, bai taɓa ba.

Wayata ta motsa a cikin 'yar jakar hannu. Arnel ne.

"Wata huɗu muka yi da shi a kan maganar nan. Ya cancanci amsar gaskiya."

Ina karantawa wani saƙon ya shigo.

"Gobe bayan coci zan zo aski. Ba zan iya kallon idonsa in yi shiru ba. Ki riga ni."

Yanzu Lahadi ce, ƙarfe goma da rabi, mun dawo daga coci. Ina zaune a ɗakin wanki ina rubuta muku wannan. Ta bango ina jin ƙarar salatif, Nanay na liƙe bakin kwalin. Tatay kuma tun ɗazu ya sa an tura shi bakin taga, da tawul a wuya, yana jiran mai askinsa.